Makin da Ya Tsufa a Hannuna

Shekarar da aka tura ni koyarwa makarantar 'yan mata a Kabo, amarya ce ni, kuma ban daɗe da karɓar digirina na lissafi ba. Ni 'yar Gwarzo ce, mahaifina ma'aikacin ɗakin shan magani ne. Mijina kuwa ɗan Mainika ne, malamin gona, aikinsa yawo ƙauye-ƙauye a kan babur ɗin gwamnati yana nuna wa manoma sabon iri da yadda ake zuba taki. Malam nake ce masa. A lokacin nan idan aka ce ga macen da ta je jami'a har ta karanta lissafi, mutane kan sake dubanta, kamar suna neman inda abin ya ɓuya a jikinta.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. Madara da sabulu da sukari suka zama abin bin layi. A makaranta alli ma sai an gutsuttsura mana, har na saba rubuta darasi da ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa, in ƙulle ragowar a bakin mayafina saboda gobe.

Amma zuciyata ba ta gama barin Zariya ba. A jami'a muna da wata malama 'yar ƙasar Indiya, gajeruwa, mai furfura a gaban goshi, Madam muke ce mata. Ita ta fara sa ni gane cewa lissafi ya wuce ƙidaya. Ranar da ta nuna mana hujjar cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya ba su da ƙarshe, 'yan layuka ne kawai a allo, amma na fita daga ajin ina takawa a hankali kamar wadda ta ɗauko ƙwarya cike da nono. Da darajar naira ta faɗi, malamai baƙi suka fara tattara kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta sami aiki a wata jami'a a Amurka. Kafin ta tafi ta kira ni ofishinta, kwalaye duk sun cika wurin.

Ta ce, "Ki biyo ni ki yi digiri na biyu da na uku. Sai dai can ba su san jami'arku ba, ba su san nauyin takardarki ba. Abin da suka sani shi ne makin wata jarrabawa da kowa ke zaunawa, daga kowace ƙasa, tambayoyi iri ɗaya. Ki ci ta, ni kuma zan yi magana."

Ta ba ni wani ƙaton littafi na tsofaffin tambayoyi. Na yi hidimar ƙasa da shi, aka kai ni ɗakin miji da shi a ƙasan akwati.

Muna cikin watanninmu na farko a Kabo wasiƙarta ta zo. Ta ce ta biya mini kuɗin jarrabawar daga can, an ba ni wurin zama a Kaduna, ga watan da za a yi. Na bari sai da Malam ya dawo ya yi wanka na ajiye masa abinci.

Na ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi."

Ya ce, "Ina jin ki."

Na faɗa masa komai, ina yi ina kallon bakin tabarma. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Amurka?"

"Amurka."

"Na tsawon wane lokaci?"

"Shekaru ne, Malam. Ba kaɗan ba."

Ya ci gaba da cin tuwonsa har ya cinye, ya wanke hannu, ya goge. Ni dai na riga na shirya jin a'a. Sai ya ce, "To ai ba tafiyar aka ce yau ba. Jarrabawa aka ce. A ci jarrabawar tukuna mu gani."

Ranar Juma'a ya ɗauke ni a babur muka je Gwarzo wurin Baba. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar aiki da damina da mutanen Mainika, ya kawo maganar. Baba ya ce shi nasa ikon ya ƙare ranar da ya ɗaura mana aure, amma tunda an tambaye shi, yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya barin abu a tsakiya. Inna, mahaifiyar Malam, da labari ya kai mata Mainika, tambaya ɗaya ta yi, kuma ba da faɗa ba: "Wai wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa?"

Daga nan muka kafa zama. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in zauna da littafin da fensir, shi kuma ya cire agogon hannunsa ya riƙe. Jarrabawar gudu ce, ba a ba mutum lokacin ya zauna ya yi hira da tambaya yadda na saba. Idan na daɗe a kan guda sai in ji ya yi gyaran murya.

Kashi biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, mai Turanci da ƙananan lissafi, akwai kuma ta lissafi zalla, ta waɗanda suka karance shi. Ta biyun ba ta tsorata ni ba. Turancin ne ya zame mini dutse, domin ba irin wanda muke koyarwa da shi ba ne. Wasu dogayen kalmomi ne da ban taɓa jin ɗan Adam ya furta ba. Malam ne ke karanto mini su, da irin nasa lafazin, ni kuma in ba da ma'ana. Rabin lokacin dariya muke yi. Akwai wata kalma da ke nufin mai surutun da ba ya ƙarewa, ya laƙaba wa zakaran maƙwabta. Wata kuma tana nufin mai taurin kai, ya ba akuyarmu. Har akuyar ta mutu da sunan take amsawa. A wannan zaman ne ya fara kirana Dakta, in ce masa ya bari kada mutane su ji, ya ce ai gara su fara sabawa.

Damina ce. Wani lokaci hadari ya taso mu kwashe tabarma a guje mu koma rumfa, ruwa na dukan kwano har ba ma jin juna, sai ya matso kusa da kunnena ya faɗi kalmar. Yakan zo da ɗanyar masara daga ƙauye mu gasa, ko in dafa gyaɗa. Ba mu da komai a shekarar, miyar kuka muke sha da man da bai fi a ɗiga ba. Duk da haka in aka ce in zaɓi watannin da zan koma in sake zama a cikinsu, waɗannan zan nuna ba tare da na tsaya tunani ba.

Lokacin da jarrabawar ta zo ina da ƙaramin ciki. Muka bi ta Dayi da Malumfashi muka ɓulla Funtuwa, warin fetur yana tayar mini da zuciya, ina tsotsar tsamiya har Kaduna. Muka sauka gidan wani ɗan uwansa. Da safe ya raka ni makarantar da za a yi. Zaure ne babba, yawancin mutanen ciki maza ne, kuma ban ga mai mayafi ba sai ni. Ba a rubuta bayani, ƙananan da'irori ne mutum zai cike da fensir, wai inji ne zai duba.

Zaman safe ya wahalar da ni. Aka kawo wani dogon bayani a kan kogunan ƙanƙara da ke tafiya a hankali suna sassaƙa duwatsu. Ni da iyakar ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke zubowa da ruwan farko yara su tsinta a kwano. Na karanta, na sake karantawa, lokaci na tafiya. Wasu da'irorin da bismilla kawai na cike su.

Da rana aka raba ta lissafi. Ina buɗe takardar na ji kamar na shiga gidanmu. Na manta da cikin da ke jikina, na manta da mutanen da ke gefena. Wasu tambayoyin har murmushi na yi musu, don na gane inda mai tambayar ya haƙa rami yana jiran a faɗa. Da na fito na sami Malam a kan dakali a gindin mangwaro, ya sayo lemo ya feraye yana jira.

Ya ce, "Yaya, Dakta?"

Na ce, "Na safe sai addu'a. Na rana kuwa, Malam, ban so aka ce a ajiye fensir ba."

Sakamako ya ɗauki watanni. Shi ya ɗauko a gidan waya a Gwarzo, ya kawo mini bai buɗe ba, ya tsaya a kaina da hular kwano a hannu. A lissafi ina cikin 'yan gaba-gaba. A Turanci ban kai tsakiya ba. Jami'o'i biyu da na nema suka ce a'a, ɗaya ma ta faɗa ƙarara cewa makin Turancin ne. Amma sashen da Madam take suka ɗauke ni, har da aikin taya koyarwa wanda zai riƙe ni. Ranar Malam ya yanka zakara. Ya je Mainika da kansa ya faɗa wa Inna, ta ce Allah Ya sa alheri, sannan ta tambaya wa zai yi mini wankan jego a can.

Tambayar tata a kan hanya take, domin watan da za a fara karatun shi ne watan haihuwata. Na rubuta na roƙi a ɗaga mini zuwa baɗi, suka yarda. Na haifi 'yata ta fari a Gwarzo, na yi arba'in a ɗakin mahaifiyata, ina shan kunun kanwa ina lissafin tafiya. Shirinmu shi ne idan yarinya ta yi ƙwari in bar ta wurin Inna, Malam yana kewayo, ni kuma in riƙa zuwa duk sanda hali ya yi.

Wata ranar Talata kafin azahar na ji sallamarsa a ƙofa, ban ji ƙarar babur ba. Ya shigo da ƙafa, takalmansa sun yi buɗu-buɗu. An rage ma'aikata, sunansa na ciki, babur ɗin ma ya miƙa a ofis. Ya zauna ya ɗauki yarinyar yana mata wasa kamar ba abin da ya faru. Ba a yi nisa ba kuma Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. 'Ya'yanta mata duk suna aure nesa. Muka ɗauko ta zuwa Kabo, na gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa.

Albashina ya zama shi ne gidan. Ni ke juya Inna, ni ke mata wanka kafin in tafi makaranta. Harshenta ya yi nauyi, ni kaɗai nake gane abin da take faɗa. Duk da haka Malam bai janye ba.

Ya ce, "Ki tafi. Gona tana nan, ba za mu mutu da yunwa ba. Inna kuma uwata ce, ni ya kamata in ɗauka."

Na ce, "Za ka yi mata wanka ne, Malam?"

Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Inna.

Na ce, "Bari in roƙi wata shekarar."

A wannan karon amsar ta bambanta. An canza kwamitin ɗaukar ɗalibai, sun ce sai in sake nema kamar kowa. Kuma sun ja layi a kan makin Turanci, duk wanda bai kai ba ba a ma buɗe sauran takardunsa. Ni ina ƙasan layin. Madam ta ce ta yi musu har muryarta ta dushe, ta ce musu yarinyar nan lissafi za ta yi, kuma da Turanci ta koye shi tun daga sakandare. Amma murya ɗaya ce a cikin masu yawa. Ta ƙarfafa mini gwiwa, ta ce akwai wasu jami'o'in, kuma makin yana da rai har shekara biyar daga ranar da na zauna.

Shekara biyar ta yi mini kama da abin da ba zai ƙare ba. Kowace shekara in ce baɗi. Na haifi na biyu. Malam ya koma noma gadan-gadan, yana kwana biyu a Mainika ya dawo. Madam ta yi ritaya ta koma ƙasarsu, wasiƙu suka ragu, daga baya suka tsaya, ban san ko tawa ce ba ta isa ba ko tata. Ban daina sanin watan da wa'adin zai cika ba. Yana nan a raina kamar ranar haihuwar ɗa.

Da watan ya kama ban faɗa wa kowa ba. Ina zaune a rumfa da yamma ina duba takardun ɗalibai, Malam ya shigo daga gona da damin rake a kafaɗa. Ya ajiye, ya sha ruwa, ya zauna a bakin rumfar ya ba ni baya yana kwance igiyar takalmi.

Ya ce, "Wannan watan ne ko?"

Ban san yana riƙe da lissafin ba. Na ce, "Wannan ne."

Ya cire takalmin ya ajiye gefe. Sannan ya ce, "Allah Ya ba ki abin da ya fi shi." Na ce amin. Inna ta yi kira daga ɗaki, na tashi na tafi. A can na yi kukana, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ita kuma tana shafa kaina da hannunta mai lafiya, ba ta tambaye ni dalili ba.

Takardar ba ta canza ba, lambobin da ke kanta suna nan yadda suke. Kaina ma a ganina bai canza ba. Amma daga wannan watan, a wurin mutanen can, kamar ban taɓa zama a zauren nan na Kaduna ba.

Shekaru suka wuce. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Malam ya kama noman rani a bakin dam, tumatir da albasa, gida ya ɗan farfaɗo. Sai zamanin shari'a ya zo. Na ga motoci cike da mutane suna wucewa Kano ana kabbara. Mayafanmu suka koma hijabi, makarantun Islamiyya na matan aure suka cika har ana zama a waje. Malamin Islamiyyar unguwarmu ya aiko ta wurin Malam, ya ce ya kai matan babin gado, sun haddace rabon kowa amma hisabin ya gagare su, ko zan taimaka ranar Asabar da Lahadi.

Na je. Mata ne har da sa'o'in mahaifiyata, wasu ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Na zo da faranti da tsinken tsintsiya, muka yi ta raba rubu'i da sudusi da sumuni, muna neman lambar da za ta ɗauke su duka ba tare da an karya ko ɗaya ba. Wata tsohuwa da ta gane da kanta ta saki guɗa a cikin aji, malamin Islamiyyar ya leƙo yana tambayar lafiya. Lissafi ne mai sauƙi, amma rabona da in ga yana faranta wa mutum rai haka na manta. A makaranta ɗalibaina tsoronsa suke ji, jarrabawa kawai suke so su tsallake.

Na dawo gida ina ba Malam labari ina ɗaga hannuwa. Ya zuba mini ido ya ce, "Rabona da wannan fuskar tun damanar can." Sannan ya ce, "Ki sake zaunawa."

Na yi dariya. Na ce na doshi arba'in, 'yata ta fari tana sakandare.

Ya ce, "Shi ya sa. Yara sun girma, Inna ta tafi, ni kuma ina tsaye da ƙafata. Me ya rage?"

A lokacin ciwon suga ya fara cin sa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma ba ya so a yi maganar. Shi ya je Kano ya binciko yadda ake yi yanzu. Ya dawo ya ce an daina fensir, da kwamfuta ake yi, kuma sai an je Abuja. Na yi ta zuwa wani shagon kwamfuta a Kano ranakun hutu ina koyon riƙe linzaminta, kibiyar tana guje mini. Mun gwada komawa gindin darbejiya, amma zaman bai kama ba. Yara na shige da fice, masu sayen albasa na sallama, shi ma idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu sosai.

Ɗakin jarrabawar a Abuja sanyi ne da shi kamar randa, kowa a ɗan akurkinsa, ba ka ganin na kusa da kai. Kafin a fara aka yi mana bayani: tambaya ɗaya-ɗaya take fitowa, idan ka ci sai ta gaba ta fi wuya, idan ka faɗi sai ta fi sauƙi, kuma ba a komawa baya. Ni kuwa duk rayuwata idan tambaya ta yi gardama tsallake ta nake yi, in bar ta tana dahuwa a raina, in dawo in same ta ta nuna.

Da aka zo lissafi, tambayoyin farko suka zo da ƙarfi, na ji daɗi. Sai wata ta tsaya mini. Na san na san ta. Na ga hanyar kamar yadda mutum ke hango gidansu daga nesa, amma ƙafata ta ƙi sauri. Agogo yana ƙiftawa a kusurwar gilashin kwamfutar. Na zaɓi amsa na wuce. Wadda ta biyo ta ɗan fi sauƙi. Na ce ko dai sa'a ce. Ta bayanta ta fi ta sauƙi. Can sai ga wata irin wadda nake ba 'yan ajin farko su ɗumama hannu kafin darasi. Nan na gane. Injin sassauta mini yake yi, ya auna ni ya ga iyakata, yana rage mini kaya. An sha tausaya mini a rayuwa, amma ban taɓa jin tausayi mai ciwo irin wannan ba.

Ba a jira watanni ba, ina gamawa makin ya fito a gilashin. Turancin da ya tare mini hanya a da ya hau sosai, shekarun karanta jarida da rubuta rahoton makaranta sun yi aikinsu. Lissafin ya sauko tsakiya.

Malam yana waje a inuwar wata bishiya. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya ce ai akwai ta lissafi zalla da za a yi nan gaba, a can zan nuna musu. Na girgiza kai.

Na ce, "Malam, wadda ta ci waccan ba ita ce ta zo yau ba."

Ya ce, "Ni dai ita nake gani."

Ban yi rajistar ta biyun ba, bai kuma matsa mini ba. A mota ya yi barci da kansa a jikin taga. Da muka zo Zariya na leƙa ina neman hanyar da ke shiga jami'a, shaguna sun rufe wurin, kafin in gane ta mun wuce.

Daga baya na yi digiri na biyu a Kano, a fannin koyar da lissafi, ina zuwa ƙarshen mako. Ba su nemi wannan jarrabawar ba. Karatu ne mai amfani, ba na raina shi, ya gyara mini aji, ya kai ni har kujerar mataimakiyar shugabar makaranta. Sai dai ba shi ne wanda na yi ƙishi ba. Malam bai ga ƙarshensa ba.

A damanarsa ta ƙarshe ciwon ya taɓa masa ƙoda, ya ce a mai da shi Mainika, yana so ya riƙa jin ƙanshin gona. Wata safiya da hantsi yana kishingiɗe a rumfa ina masa fifita, sai ya ce, "Wai ni kam, duk shekarun nan ban taɓa tambayarki ba. Mene ne ainihin abin da za ki je ki karanta?"

Na ajiye mafici na tashi. Akwai ƙullin fulawa da na kwaɓa zan yi fanke, na gutsuro na zo da shi. Na gina 'yar moɗa mai mariƙi na nuna masa. Sannan na riƙa matsa ta a hankali, ban yage ba, ban liƙa wani wuri da wani ba, har cikin moɗar ya baje ya koma jikin mariƙin, ta zama awarwaro.

Na ce, "A wannan fannin, moɗa da awarwaro abu ɗaya ne, don kowanne ƙofa ɗaya gare shi. Amma ƙwallo ba zai taɓa zama awarwaro ba sai an huda shi. Ba a damu da girma ko tsawo ba, abin da ba ya canzawa komai matsi ake nema."

Ya karɓi ƙullin yana jujjuyawa. Ya ce, "Wannan za ki tsallaka teku ki karanta?"

"Wannan ne bakin ƙofarsa."

Na zaci ya gaji. Sai ya ce, "To ƙosai fa?"

"Ɗan gidan ƙwallo ne."

"Allura?"

"'Yar gidan awarwaro."

"Wando?"

Wannan kam sai da na tsaya na zana shi a raina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana nuna ni da yatsa yana cewa ya kama ni. Na ce ƙofa biyu ne, ba uku ba, ya ce bai yarda ba, sai da na gina masa ɗan wando da ƙullin na baje shi a tafin hannunsa ya ƙirga da kansa. Haka muka bi kayan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, almakashi, rariya, kwando, fartanya. Fanken ranar ba a yi shi ba. Ƙannensa suna wucewa suna kallonmu, babba da babba muna wasa da ƙulli.

Babbar riga ce ta ƙarshe da ya tambaya. Daidai nan aka kira azahar, na ga kuma numfashinsa ya yi sama, na ce ya huta, gobe zan faɗa masa. Kashegari jikin ya tsananta muka wuce asibiti a Kano, maganar ba ta sake tasowa ba. Ya rasu ana cikin girbin gero.

Babbar riga ƙofa uku gare ta. Na gano tun a ranar, ina alwala.